Janar Arthur Currie na Kanada: mushen lakwal da ya ja sojoji 100,000, da bashin da ya hana shi barci

A filinmu na tarihin manyan mutane na wannan mako, za mu haye teku mu leƙa ƙasar Kanada. Mutumin da muka ɗauko sunansa Arthur Currie, shi ne ya ja ragamar sojojin Kanada a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. Shi ne yaƙin nan da Faransa ta kwashi samarin Afirka ta Yamma, har da na ƙasarmu, ta kai su filin daga da sunan tirayer. Abin da ya ja hankalinmu ga labarinsa shi ne an zarge shi da babban laifi a bainar jama'a, ya je kotu ya wanke kansa, alhali akwai wani laifin da ya aikata da hannunsa wanda ba a taɓa gurfanar da shi a kai ba.

An haife shi ranar 5 ga Disamba 1875 a wata gona kusa da garin Strathroy, a jihar Ontario. Ɗan manoma ne, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana saurayi, shi ya sa burin zuwa jami'a ya tsaya nan. Ya yi ɗan horon koyarwa, a 1894 ya shiga jirgin ƙasa ya nufi can ƙarshen yammacin ƙasar, bakin teku, ya zama mushen lakwal a Sidney sannan a birnin Victoria. Albashin malami ko a can bai taka kara ya karya ba, don haka ya ajiye alli ya shiga aikin inshora, daga baya ya koma dillancin filaye da gidaje. Ya yi aure a 1901.

To soja fa? A wancan zamani Kanada ba ta da wata babbar larme ta dindindin, sojojinta na cikakken aiki ƴan dubbai ne kawai. Sauran duk ƴan sa-kai ne, ƴan kasuwa da malamai da ma'aikata da ke haɗuwa da yamma ko ƙarshen mako su yi fareti su koyi harbi. Da yawa sun ɗauki abin a matsayin wurin hira da sanya kayan sarki. Currie ya shiga a 1897 a matsayin ƙaramin soja mai harba igwa, amma shi bai ɗauke shi wasa ba. Yana sayen littattafan dabarun yaƙi yana karantawa, duk kwas ɗin da aka buɗe sai ya je. A 1909 ya kai muƙamin laftanar kanar, yana shugabantar rukunin da ya shiga a matsayin kurtu.

Daga nan ne ƙaddara ta gifta. Farashin filaye a Victoria ya yi ta hawa, kowa yana cin bashi yana saye da tunanin gobe zai ninka. A 1913 kasuwar ta faɗi warwas. Currie ya wayi gari da filayen da ba mai saye da bashin da ba ya iya biya. A daidai wannan lokaci aka ba shi shugabancin wani sabon rukunin ƴan sa-kai a Victoria, kuma gwamnati ta aiko da kuɗin kayan sarki na sojojin, dala 10,000 da ƴan ɗaruruwa. Kuɗi ne masu nauyi a wancan zamani. Currie ya zuba su cikin asusunsa ya biya masu bin shi bashi, da fatan zai mayar kafin a lura. Kowa ya san sunan wannan aiki, ko an kira shi aro ko an kira shi riƙon ƙwarya: cin amanar dukiyar gwamnati ne. Kafin ya samu hanyar mayarwa, yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914.

Nan sai mu gabatar muku da wasu mutum biyu, uba da ɗa, domin sai da su labarin zai tafi. Uban shi ne Sam Hughes, ministan da ke kula da harkar soja, mutum mai zafin kai da son a yabe shi, wanda ke raba muƙamai ga wanda ya ga dama. Ɗan kuwa Garnet Hughes, hafsa ne a ƙarƙashin Currie a Victoria, kuma abokinsa. Wannan abota ta taimaka aka ba Currie shugabancin birged ta 2, wato sojoji wajen 4,000, alhali bai taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. Da hanya ya shiga, wannan gaskiya ne. Abin da ya yi da muƙamin shi ne ya bambanta shi da sauran da suka shiga ta wannan ƙofa.

Bayan sun sha sanyi da ruwan sama a sansanin horo a Ingila, sojojin Kanada suka isa Faransa a Fabrairu 1915, daga nan aka tura su kusa da garin Ypres a ƙasar Beljik. Ku gane yadda wannan yaƙi yake: ɓangarorin biyu sun haƙa ramuka masu tsawo tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan, kowa ya shinge gabansa da waya mai ƙaya, ya girka bindigogi masu aman wuta. Duk wanda ya fito fili, an gama da shi. Ranar 22 ga Afrilu 1915 da la'asar, Jamusawa suka saki hayaƙi mai guba, iska ta kwaso shi zuwa ramukan Faransa da ke hannun hagun ƴan Kanada. Cikin waɗanda abin ya fara faɗa wa akwai rundunar da aka kawo daga Aljeriya. Mutane suka shaƙe, waɗanda suka tsira suka ja da baya, aka bar giɓi na kilomitoci. Bayan kwana biyu aka sako hayaƙin kan ƴan Kanada kai tsaye. Ba su da abin rufe fuska, wasu da tsumma jiƙe da fitsari suka toshe hanci. Birged ɗin Currie ta riƙe wurinta, amma da ya ga ana neman zagaye su, sai ya bar mazauninsa da ƙafarsa ya koma baya neman agaji wurin wani janar na Ingila, wanda ya kore shi da baƙar magana. A ƙa'idar soja kwamanda ba ya barin mazauninsa ana tsakiyar faɗa, kuma daga baya maƙiyansa sun yi ta jan wannan magana suna cewa gudu ya yi. Kanada ta yi asarar mutum wajen 6,000 a ƴan kwanakin nan, tsakanin mamata da masu rauni da waɗanda aka kama. Manyan hafsoshin Ingila dai sun ga natsuwarsa, a Satumba 1915 suka ba shi runduna ta 1 sukutum, mai sojoji kusan 20,000. A wannan faɗa kuma ya ga yadda abokinsa Garnet Hughes ya rikice a aikin da aka ba shi a wata birged, kuma bai manta ba.

A kaka ta 1916 aka kai su yankin kogin Somme, inda Kanada ta yi asarar mutum 24,000 saboda ƴan kilomitoci na taɓo. Currie ya ga sojojinsa sun isa gaban ramin abokan gaba sun tarar igwa ba ta yanke wayar ba, aka yi ta harbe su suna maƙale. Daga nan ya riƙe aƙida ɗaya har ƙarshen yaƙi: a kashe harsashi a adana mutum. Harsashin igwa ana ƙera wani a masana'anta, ɗan mutum kuwa sai shekara ashirin.

Shugaban dukkan sojojin Kanada a lokacin Bature ne ɗan Ingila, Janar Julian Byng, mutum mai sauƙin kai da ya san darajar Currie. A Janairu 1917 ya tura shi Verdun ya je ya tambayi hafsoshin Faransa abin da suka koya a wannan mummunan yaƙi. Nan halin mushen lakwal ya fito. Ya yi ta tambaya yana rubutawa, ya dawo da rahoto. Abin da rahoton ya ƙunsa ba wani sihiri ba ne. A san ƙasar da za a taka kafin a taka ta. A ba ƙananan ƙungiyoyi na mutum talatin zuwa arba'in makamai iri-iri da ƴancin yanke shawara. Kowane soja, har kurtu, ya san inda aka nufa, domin in hafsa ya faɗi, saje ya ci gaba, in saje ya faɗi, kofur ya ci gaba. Kafin wannan lokaci taswira ta hafsoshi ce kaɗai. A shirin Vimy an raba taswira wajen 40,000.

Vimy dogon tudu ne a arewacin Faransa, tsawonsa wajen kilomita 7, wanda duk ya hau shi yana hangen filin da ke ƙasa har nesa. Jamusawa sun riƙe shi tun 1914. Faransa ta zubar da mutane sama da 100,000 a wannan yanki a 1915 tana neman ƙwace shi. A watan Mayu na wannan shekara rundunar Maroko ta kai har ƙololuwar tudun, amma agaji bai iso ba, dole ta sauko. Har yau akwai dutsen tunawa da ita a wurin, yana fuskantar babban ginin tunawa na Kanada. Ƴan Kanada sun yi makonni suna gwaji a wani fili a baya, an shata shi da ƙyallaye kamar ainihin ramukan Jamus. An haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa don sojoji su isa gaba ba a gan su ba. Masana suna auna ƙara da walƙiyar igwogin Jamus har suka gano inda mafi yawansu suke, aka rufe su da wuta. Ranar Litinin 9 ga Afrilu 1917, ƙarfe 5 da rabi na asuba, ana yayyafin ƙanƙara, rundunonin Kanada huɗu suka tashi tare karo na farko. Igwa tana zuba wuta a gabansu, kowane minti uku wutar ta matsa gaba kamar taku ɗari, su kuma suna biye. Wanda ya yi sauri wutar gida ta cinye shi, wanda ya yi nawa Jamusawa sun fito daga rami sun same shi. Rundunar Currie ce ke da tafiya mafi nisa, wajen kilomita 4, kuma ta kai. Zuwa 12 ga wata tudun duka ya shiga hannu. Mutum 3,598 suka mutu, wajen 7,000 suka ji rauni.

Mu tsaya nan kaɗan, domin akwai abin da ya shafe mu. Harin Vimy wani yanki ne na babban shiri: a janye hankalin Jamus zuwa arewa, sannan Faransa ta kai babban farmaki a kudu, a wurin da ake kira Chemin des Dames. An kai wannan farmaki ranar 16 ga Afrilu, mako ɗaya bayan Vimy, kuma a sahun gaba akwai dubban tirayer na Afirka ta Yamma. Ana ce musu ƴan Senegal, amma sunan kawai ne, daga ƙasashe da yawa aka kwaso su. Sanyi ya sandarar da yatsunsu har wasu ba su iya riƙe bindiga, igwa ba ta rushe maɓoyar Jamusawa ba, dubbansu suka faɗi cikin ƴan kwanaki. Mako ɗaya ne tsakani, abokin gaba ɗaya ne, yanayi ɗaya ne. Bambancin, a ganinmu, yana wurin shiri da kuma ko shugaba yana ƙirga ran mutanensa kafin ya ba da umarni.

A Yuni 1917 aka ƙara wa Byng girma, aka naɗa Currie a gurbinsa, Sarkin Ingila George na 5 ya ba shi lambar girma. Shi ne ɗan Kanada na farko da ya shugabanci babbar rundunar ƙasarsa, mutum wajen 100,000, yana da shekara 41. Nan take aka zo masa da buƙata: kujerar da ya bari ta runduna ta 1, a ba Garnet Hughes. An riga an sauke uban daga minista tun Nuwamba 1916, amma har yanzu depite ne mai baki da magoya baya, kuma ƴan siyasa suna son a lallashe shi. Currie ya ƙi. Ya ba wani gogaggen hafsa mai suna Archibald Macdonell. Shi da Garnet suka yi zazzafar sa-in-sa a Landan, abota ta mutu, gidan Hughes ya ɗaura masa gaba. Ku tuna fa, mutumin da ya yi wannan taurin kai yana da asiri a ƙasa, kuma Garnet yana cikin rukunin da aka ci kuɗinsa. Wani da ya ba da kujerar ya sayi shiru. Shi ya ga ba zai ɗora ran mutum 20,000 a hannun wanda bai amince da ƙwarewarsa ba.

A wannan shekara kuwa maganar kuɗin ta taso. Masu ɗinkin kayan ba a biya su ba, takardu suka yi ta yawo har suka kai teburin majalisar ministocin Faraminista Robert Borden. Gwamnati ta shiga tsaka mai wuya: ta kama janar ɗinta mafi ƙwarewa ana tsakiyar yaƙi, ko ta kau da kai? Aka zaɓi rufa-rufa. Wasu hafsoshi biyu masu hali da ke ƙarƙashinsa, David Watson da Victor Odlum, suka ranta masa kuɗin ya biya. A wata wasiƙa ya amsa cewa kusan shekara uku da wannan tunani yake kwana, da shi yake tashi. Ba mu ga dalilin wanke shi a nan ba. Da kurtu ne ya saci bargo, da an hukunta shi a gaban kowa. Kuma shugaba ya ci bashi a hannun na ƙasa da shi, waɗanda shi ne ke rubuta rahoton aikinsu, wannan ma wani aibin ne.

Aikinsa na farko a matsayin babban kwamanda, an umarce shi ya kama garin Lens, garin masu haƙar kwal da ya zama kufai. Ya je da kansa ya kwanta a kan wani tudu ya duba wurin, ya dawo ya ce wa manyansa shiga garin halaka ce, domin Jamusawa suna kan tuddan da ke kewaye. Ya ba da shawara a kama wani tudu da ake kira Tudu na 70, a girka bindigogi a jira, domin dole Jamus ta zo ƙwatarsa. Aka yarda. Ranar 15 ga Agusta 1917 suka kama tudun, Jamusawa suka kawo hari har sau 21 cikin ƴan kwanaki, kowane aka mayar da shi. Kanada ta yi asarar mutum wajen 9,000.

Sai Passchendaele, sunan da har yau ke sa tsofaffin iyalai a Kanada shiru. Ƙauye ne a Beljik, kusa da Ypres ɗin nan dai. Sojojin Ingila da na Ostareliya da Niyu Zilan sun yi wata uku suna fama, igwa ta farfasa magudanan ruwa, ruwan sama ya sauka, ƙasa ta zama kogin taɓo da ke haɗiye mutum da alfadari. Babban kwamandan Ingila, Douglas Haig, ya ce a kawo ƴan Kanada su ƙarasa. Currie ya duba wurin ya ce ƙauyen bai cancanci jinin da za a zubar ba, ya kuma yi lissafi ya ce za a yi asarar mutum 16,000. Haig ya nace. Currie soja ne, ya bi umarni, amma ya kafa sharaɗi: a ba shi lokaci ya shimfiɗa hanyoyin katako, a gyara igwogin da suka nutse, a yi harin daki-daki. Daga 26 ga Oktoba zuwa 10 ga Nuwamba suka kai hari huɗu, suka kama abin da ya rage na ƙauyen. Da aka ƙirga, asarar ta kama 15,654. Lissafin mushe bai kuskure da yawa ba. Bayan wata biyar, da Jamus ta kawo babban farmakinta na bazarar 1918, aka janye daga wurin aka bar mata.

Wata tambaya da mai saurare zai yi: in ya san haka za a mutu, me ya sa bai ajiye aikin ba? Masu kare shi suna cewa da ya ƙi, da an sauke shi an kawo wani, kuma sojojin nan dai za a tura, ba tare da hanyar katako ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ita ce hujjar da kowane mai riƙe da kujera ke kawowa.

A farkon 1918 an kawo shawarar a rage yawan sojojin kowace runduna, a ƙirƙiro sababbin rundunoni, abin da zai ƙara wa Currie kansa girma ya buɗe kujeru ga hafsoshi da yawa, har da Garnet Hughes. Ya ƙi, ya ce a bar rundunoni huɗu masu ƙarfi a cike su da mutane, a ƙara injiniyoyi da motoci da bindigogi. Rundunar da Garnet ke riƙe da ita a Ingila aka wargaza ta aka raba sojojinta. Wani sabon ƙulli ke nan.

Su kansu sojojin ba wani son shi suke ba. Dogo ne mai tumbi, kayan sarki ba su yi masa kyau, ba ya da gashin baki irin na janar-janar na Ingila, ba ya iya raha da kurata, in ya rubuta musu saƙon ƙarfafa gwiwa sai ya cika shi da manyan kalmomi har su riƙa yi masa dariya a ramuka. Hafsoshin da ke aiki kusa da shi kuwa suna girmama shi, domin yana sauraron na ƙasa, kuma bayan kowane faɗa sai an zauna an rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci.

Ranar 8 ga Agusta 1918 aka fara abin da ake kira Kwana Ɗari na ƙarshe. An kwashe rundunar Kanada da dare a asirce zuwa Amiens, domin Jamusawa sun gane cewa duk inda aka ga ƴan Kanada, hari na tafe. Tare da ƴan Ostareliya da Faransawa da ɗaruruwan tankokin yaƙi, suka ci kilomita 13 a yini ɗaya, a yaƙin da aka saba auna nasara da taku. A farkon Satumba suka fasa wani babban layin tsaron Jamus a gabashin Arras. Ranar 27 ga Satumba sai ga wata babbar hanyar ruwa da ake kira Canal du Nord ta tare su. Currie ya gano wani ɗan yanki da ba a gama haƙawa ba, babu ruwa a ciki, ya yanke shawarar cusa dubban sojoji ta wannan ƙunci sannan su bazu a ƙetare. Da igwogin Jamus sun gano su a cunkushe, da an yi kisan da ba a taɓa gani ba. Manyansa sun ji tsoro, har Byng ya zo ya gargaɗe shi. Shirin ya yi nasara, injiniyoyin da ya tara suka kafa gadoji ana harbinsu. Cambrai ta faɗi ranar 9 ga Oktoba, Valenciennes a farkon Nuwamba. Sai dai kwanakin nan ɗari sun ci wa Kanada mutum sama da 45,000, mamata da masu rauni da ɓatattu, ga ƙasar da jama'arta duka wajen miliyan 8 ne.

Gari na ƙarshe shi ne Mons, a Beljik, inda sojojin Ingila suka fara karo da Jamus a Agusta 1914 aka kore su. Ranar 10 ga Nuwamba ƴan Kanada suna bakin garin, ana ta jita-jitar sulhu, amma umarnin da ya zo daga sama shi ne a ci gaba da matsa lamba. Currie ya ce a zagaye garin, kada a yi masa ruwan igwa. An yi musayar wuta, an rasa rayuka. Cikin dare Jamusawa suka janye, ƴan Kanada suka shiga. Da asubar 11 ga wata aka sa hannu kan tsagaita wuta, za ta fara aiki ƙarfe 11 na safe. Saura minti biyu, wani maharbi ya harbe wani kurtu ɗan Kanada mai suna George Price a wani ƙauye gabas da Mons.

A Maris 1919 Sam Hughes ya miƙe a majalisar dokoki a Ottawa ya zargi Currie da zubar da jinin ƴaƴan mutane a Cambrai da Mons don neman suna, ya ce kotun soja ta dace da shi. A cikin majalisa depite yana da rigar kariya, ba a iya kai shi ƙara kan abin da ya faɗa. Gwamnati ba ta tashi ta kare janar ɗinta da ƙarfi ba. Ƙasar kuwa tana cikin makoki, mutum sama da 60,000 ba su dawo ba, kowa yana neman wanda zai ɗora wa. Da Currie ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Halifax a watan Agusta, ba wani taron kirki da ya tarbe shi. Ingila ta ba janar-janar ɗinta sarauta da maƙudan kuɗi, Haig kaɗai fam 100,000. Currie an ba shi cikakken muƙamin janar da wani ofis na sufeton soja, inda bai daɗe ba. A 1920 jami'ar McGill da ke Montreal ta ɗauke shi shugabanta, shi da bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Ya riƙe ta shekara 13, ya tara mata sama da dala miliyan 6 a gangamin neman taimako, yana kuma fafutukar fanshon ƴan mazan jiya da jana'izar waɗanda suka mutu ba su da ko sisi.

Sam Hughes ya mutu a 1921, amma maganar ba ta mutu ba. A Yuni 1927, da aka kafa allon tunawa da sojojin Kanada a Mons, wata ƙaramar jarida ta garin Port Hope a Ontario ta maimaita zargin a shafinta na farko. Wannan karon ba rigar kariya. Abokai suka ce ya share, jaridar ƙauye ce, wa ke karanta ta? Ya ƙi. Ya kai mai jaridar, Frederick Wilson, da marubucin, W. T. R. Preston, ƙara kan ɓata suna, yana neman dala 50,000. Aka yi shari'ar a garin Cobourg a Afrilu 1928, mako biyu ana yi, ɗakin kotu cike da tsofaffin sojoji. Wasu kurata suka ba da shaida cewa sun ga gawarwakin ƴan uwansu a Mons, hafsoshi suka kawo takardun umarni da rajistar mamata. Shi kansa an yi sa'o'i ana yi masa tambayoyin ƙure. Abin da ya fito fili shi ne ranar 10 ga wata ba wanda ya tabbatar masa za a sa hannu gobe, umarnin ci gaba daga sama ya zo, kuma da labarin tsagaita wuta ya iso da safe an aika wa rundunoni. Uwar da ɗanta ya mutu ranar 10 ga Nuwamba tana da haƙƙin ta tambaya, wannan ba mai musu. Amma cewa da gangan ya yi don suna, shaidu ba su nuna haka ba. Ranar 1 ga Mayu masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya, da diyyar dala 500 kacal da kuɗin shari'a. Maganar kuɗin kayan sarki na 1914 ba ta fito a gaban alƙali ba. Sai bayan mutuwarsa masana tarihi suka buɗe takardun gwamnati da wasiƙunsa, jama'a suka san ta dalla-dalla.

Shari'ar ta karya masa lafiya, ya yi watanni yana jinya, bai sake komawa daidai ba. A farkon Nuwamba 1933 ya samu shanyewar jiki, ya mutu a Montreal ranar 30 ga wata yana da shekara 57. An yi jana'izarsa ranar 5 ga Disamba, ranar da da zai cika 58. Dubban mutane suka tsaya cikin sanyi a bakin titunan birnin, tsofaffin sojojinsa suka bi gawar a sahu har maƙabartar Mount Royal, inda aka binne shi.